Shekarun Awa Ashirin

Duk wanda ya yi karatun jami'a a Ingila a zamanin da na yi, lambar nan 20 ba za ta taɓa fita daga kansa ba. Awa 20 a mako, iyakar aikin da doka ta yarje wa ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai ke nan muddin ana cikin zangon karatu, kuma a jikin bizar aka buga ta, a tsakiyar fasfo, yadda ba mai cewa bai gani ba. In an yi hutu kana iya cika mako. Sana'ar kanka kuwa, ko ta sayar da katin waya ce, ba ka da izininta. Da wannan lambar muke kwana, da ita muke tashi. Ita ke yanke mana irin ɗakin da za mu kama, da ko nama zai shiga miya, da ko za mu iya tura wa iyaye wani abu da salla. Shekaru sun ja yanzu, amma in Ingila ta faɗo mini a rai, waɗannan awoyin ke fara zuwa kafin ɗakin lacca, su da mutanen da suka nuna mini yadda ake samunsu.

Na sauka a Manchester a watan Satumba na 2010, daga Funtuwa, domin digiri na biyu a fannin saye da jigilar kaya. Mu 'yan Arewa da muka zo a shekarar kashi biyu ne, ko da yake ba ma faɗa da baki. Akwai waɗanda hukuma ta ɗauki nauyinsu, 'yan PTDF da malaman jami'o'i da masu tallafin jihohi, waɗanda alawus ke shigo musu ko da ya makara. Akwai kuma irinmu 'yan kuɗin gida. Ni fili Baba ya sayar, kawuna ya cika. Kafin a ba ka biza a lokacin, ban da kuɗin makaranta, sai ka nuna fam 600 na kowane wata har wata tara in ba a Landan za ka zauna ba, wato fam 5,400, kuma sai sun kwana 28 a asusu. A gidaje da yawa dangi ne ke haɗa wannan kuɗin, kowa da abin da ya sawwaƙa. Saboda haka yaro yakan sauka da abin da ya san ba zai kai shi ƙarshen shekara ba, da kuka da daddawa a akwati, sauran kuma sai abin da Allah ya hore ta hanyar guminsa.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Nawa na gaban wani bawan Allah ne ɗan Katsina da ke karatun digirin digirgir, muna kiransa Dakta tun kafin ya gama kundinsa. Ban san shi a gida ba. Wani abokin yayana ne ya ba ni lambarsa, shi kuma ya zo tarbata har filin jirgi, ya sauke ni a falonsa a Longsight, ga iyalinsa ga yara, har na sami ɗaki. A daren farko, bayan mun ci tuwo miyar busasshiyar kuɓewa, ya ce in kawo fasfo. Ya buɗe shafin biza ya ɗora yatsa a kan layin.

"Ka ga nan, ƙanena? Kada ka yarda wani ya sa ka tsallake ta, ko da awa ɗaya ce. Abin da za ka samu a kai bai kai filin da Baba ya sayar ba."

"To, Dakta, ashirin ɗin ma ina zan same su?"

"Wannan kuma namu ne. Kai dai kwanta ka huta."

Washegari ya fara da ni daga tushe. Da farko lambar inshorar ƙasa, wadda da ita ake lissafin harajin ma'aikaci: a lokacin sai ka buga waya, a sa maka rana, ka je ofishin gwamnati a yi maka tambayoyi, bayan makonni lambar ta zo ta gidan waya. Sannan asusun banki, wanda sai da wasiƙar jami'a ake buɗe wa ɗalibi. Daga nan ya kai ni wani shago mai araha ya sa na sayi takalmi mai bakin ƙarfe, alhali ko ƙanshin aiki babu. Ya ce ranar da za a kira ka ba za a ba ka lokacin zuwa kasuwa ba.

Kafin kiran ya zo na yi abin da kowane sabon zuwa ke yi. Na buga CV a laburare, na bi Oxford Road da ƙafa har Rusholme, inda gidajen abincin 'yan Pakistan da Indiyawa suka jeru a kan Wilmslow Road, ina shiga ina miƙawa. Ana karɓa da fara'a, a ce za a neme ka. A wasu wuraren kuma a ja ka gefe a ce akwai wanke-wanke, kuɗi a hannu, babu takarda, amma rabin abin da doka ta ce. Wasu 'yan'uwa da buƙata ta matsa sun karɓa, ban kuma taɓa ganin baƙinsu ba, domin mai gidan haya ba ya jin uzuri. Sai dai in asiri ya tonu, mai shago tara ce a kansa wadda a lokacin ba ta wuce fam 10,000, ya biya ya ci gaba da kasuwarsa. Ɗalibi kuwa bizarsa ce za ta tafi, ta tafi da karatun gaba ɗaya.

Ashe kasuwar aiki ta gaskiya a ƙofar masallaci take ci. Ranar Juma'a, in an sallame a babban masallacin Victoria Park, ba a watsewa da wuri. A tsaya a bakin titi hannu cikin aljihun kwat, ana gaisawa, labari na zagayawa: ejan kaza na ɗiban mutane saboda Kirsimeti ta gabato, gidan waya na neman masu rarraba wasiƙu, wane zai koma gida, gurbinsa zai buɗe. Manyan kamfanoni ba su cika ɗaukar irinmu kai tsaye ba, ta hannun dillalan aiki suke bi, su kuma dillalan sun fi sakin jiki da wanda ma'aikacinsu ya kawo. A nan Dakta ya riƙo hannuna ya kai ni gaban wani dattijo dogo, ɗan Zangon Kumasi, wanda ya daɗe a garin har ya zama shugaban rukuni a wani sito a Trafford Park. Hausarsa ta Zango ce, da ɗan karkatarta, mai daɗin ji. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, kana iya tsayuwar dare?"

"Ina iyawa, Baba."

"Kana da takalmi?"

"Ina da shi."

Ya juya ga Dakta ya ce, "Ya zo Litinin, in kai shi wurin ejan." Intabiyun ke nan duka.

Ƙarfe goma na dare ake shiga, a fito shida na safe. Sito ne da in ka tsaya a wannan bango ba ka gane fuskar wanda ke wancan. Fitilu fari fat, kantocin ƙarfe sun yi layi har rufi, kowane gurbi da lambarsa. Aka ba ni riga mai ɗaukar ido, da keken tura kaya, da wata na'ura da ake riƙewa a hannu. Ita ce oga. Ta nuna maka layi da kanta da gurbi, ka je ka haska lambar kayan, ta yi ƙara, ka jefa a kwando, ta nuna na gaba. Tana kuma ƙirga yawan abin da ka ɗauko a kowace awa, da asuba a liƙa sakamako a bango kowa ya gani. Wajen ƙarfe uku tafin ƙafata ya fara zafi, takalmin ya yi nauyi, ido na yaji. Dattijon nan ya zo ya gitta ta gefena kamar yana duba kaya, ya ce a hankali, "Bar gudu, yaro. Haddace layukan, ƙafa za ta huta." Na bi maganarsa. Cikin 'yan makonni na san inda komai yake kafin na'urar ta gama nunawa.

Abokan aikinmu 'yan Poland ne da Lituweniya, waɗanda ƙofa ta buɗe musu tun 2004 ba su da ƙaidin awa, da ɗalibai Indiyawa, da 'yan Somaliya, da 'yan'uwanmu Yarbawa da Ibo, da wasu Turawan gari da suka tsufa a aikin. Disambar 2010 kuwa ita ce mafi sanyi da Birtaniya ta gani cikin shekara ɗari. In muka fito da safe gari duhu ƙirin, ƙanƙara ta daskare a titi, mu tsaya a tashar bas muna buga ƙafa a ƙasa, kowa tururi na fita daga bakinsa. Wani ɗan Sakkwato yakan zo da shayi a filas, mai citta da kanumfari, murfin filas ɗin ne kofi, ya zagaya har kan 'yan Poland, waɗanda suka fara da yatsine fuska suka ƙare da tambayar ko da saura.

Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 5.93 ne a awa ga wanda ya kai shekara 21, daga Oktoban 2011 ya koma 6.08. Awa 20 ke nan fam 118.60. Fam yana wajen naira 240, saboda haka a mako guda ɗalibi na samun sama da naira 28,000, a daidai lokacin da ƙungiyar ƙwadago a gida ke fafutukar a mayar da mafi ƙarancin albashi naira 18,000 a wata. Wannan lissafin 'yan gida ke yi, su ga kamar da tsintsiya muke share kuɗi a titi. Ba su ganin hayar ɗaki da ke cinye kusan rabi, da tikitin bas na mako, da mitar gas da ke shan kuɗi da zarar ka kunna hita. Duk da haka albashin farko ban taɓa shi ba sai da na cire na Inna. Na sayi kati na kira ta, ta yi ta sa albarka har katin ya ƙare.

Da yawa daga cikinmu in an tambaye su a gida sai su ce suna ɗan aiki a wani kamfani, su bar zancen nan, domin a wurinmu mai digiri ba ya dako. Ni na gaya wa Baba komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai sana'a ce. Kakanka a ka yake kai auduga wurin awo, bai ragu da komai ba." Maganar ta zauna mini. Kamfanin da ke sayen audugar ƙasarmu a zamanin Turawa, BCGA, mai injin gurza a Funtuwa da Zariya, a Manchester aka kafa shi a 1902 domin ya wadata masaƙun Lankasha. Ita kanta Trafford Park tun 1896 aka yanka ta don masana'antu, a bakin mashigin ruwan da aka haƙa domin jiragen ruwa su shigo garin daga teku. Audugar kakana ta riga ni zuwa yankin da shekaru masu yawa.

Kowa da inda rabonsa ya faɗa. Masu son ƙwallo suka sami aikin nuna wa 'yan kallo kujeru a Old Trafford, filin da ke cin mutum wajen 75,000, sai dai in an tsayar da kai a bakin fili jama'a za ka fuskanta, ihu ne zai gaya maka an ci. Masu ɗan jari suka biya kuɗin horo suka karɓi lasisin gadi, aikin da kowa ke sha'awa saboda a zaune ake kwana, kana iya buɗe littafi. 'Yan'uwanmu mata yawanci gidajen kula da tsofaffi suka nufa, bayan hukuma ta binciki sunansu ta tabbatar ba su da tabo. Wata baiwar Allah 'yar Gombe, mai digiri a haɗa magunguna, ita ke yi wa tsofaffin mata wanka, ta ba su abinci a baki, ta taje musu kai. Ta taɓa ce mana ɗaga su da kwantar da su duk mai sauƙi ne a kan ranar Lahadi, in ta ga wata tsohuwa ta yi kwalliya ta zauna kusa da taga, har yamma babu wanda ya zo. Sai ta ja kujera ta zauna da ita, ko da lokacin tashinta ya wuce.

Akwai kuma tambayar da ba ta cikin kowane fom: halas ne? In aka tura ka babban kanti jera kaya, layin giya na nan, na naman alade na nan. Muka yi ta kai tambaya wurin malamai, muka yi ta musu a ɗakunanmu har dare ya raba. Mafita galibi daga abokan aiki take fitowa: ka roƙi ɗan Poland ya ɗauki layin kwalabe, kai ka ɗauki nasa na omo da sabulu, mai nauyin. Salla ma haka. A hunturu rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba su taho a jere, mai aikin rana ya shimfiɗa kwali a bayan kanta, wani na tsare masa keke. Karatun kansa ya ji a jikinsa, domin akwai laccar ƙarfe tara ga wanda ya shigo gida bakwai, kuma bazarar da muka sa ran cika mako ashe lokacin rubuta kundi ne, doka na ƙirga shi cikin zangon karatu.

Azumin 2011 a watan Agusta ya faɗo, a farkonsa rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, ana kai awa 17 baki a rufe. Ga mai aikin dare akwai rahama a ciki: ka sha ruwa, ka kama bas, sahur ya same ka a sito. Dattijon Kumasi ya yi magana da manaja aka matso mana da hutu ya dace da lokacin. A ɗakin cin abinci muke haɗa tebur biyu, kowa ya buɗe robarsa. Shinkafa mai yaji daga 'yan Pakistan, sambusa daga 'yan Somaliya, wake da shinkafa da mai da yaji daga wurina, ga kunun gyaɗa da matar Dakta ke aiko mana. Wata Baturiya mai shara, wadda ba ruwanta da azumi, ta lura da mu, ta riƙa ajiye mana nonon ayaba a kan teburin kafin mu shigo. Ana gamawa dattijon ya duba agogo, ya ja mu salla a lungun da ake tara kwalaye, muryarsa na gauraya da ƙarar motar ɗaga kaya. A daren 9 ga watan, da tarzomar da ta faro daga Landan ta iso tsakiyar Manchester da Salford ana fasa shaguna, bas ta daina ratsa gari, wani direban tasi ɗan Somaliya da muke haɗuwa a masallaci ya yi ta sawu yana kwasarmu zuwa aiki, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Duk wannan, da wahalarsa da daɗinsa, tare muka yi shi. Neman aikin bayan digiri kuwa kowa shi kaɗai ya yi nasa, a gaban kwamfuta.

Mu mun taki sa'a. Akwai wata biza ta shekara biyu da ake ba wanda ya gama digiri ya yi aikin da ya samu ba tare da wani kamfani ya ɗauki nauyinsa ba, sharaɗinta ka nuna sakamako da fam 800 da suka yi wata uku a asusu. A watan Maris na 2011 Theresa May, ministar cikin gida a gwamnatin David Cameron da ta hau da alƙawarin rage baƙi, ta sanar cewa za a rufe ta a Afrilun 2012. Sakamakonmu ya fito a ƙarshen 2011, muka shige da ƙyar. Ƙannenmu da suka sauka a Satumban 2011 kuwa, waɗanda mu muka tarbo muka raka wurin ejan, ƙofar ta rufe kafin su gama. Wata huɗu kacal suka samu bayan karatu. In ba su sami kamfani mai lasisin ɗaukar baƙo da zai biya su aƙalla fam 20,000 a shekara ba, sai jirgi. Mun raka da yawa filin jirgi, yara masu ƙwazo, wasu sun fi mu sakamako.

Lokacin ma bai yi kyau ba. A Nuwamban 2011 adadin matasan Birtaniya marasa aiki ya haura miliyan 1, 'yan ƙasa ma layi suke bi. Manyan kamfanoni tun daga Satumba suke buɗe ɗaukar sababbin masu digiri don aikin da za a fara baɗi, wato a daidai watan da muke fama da neman ɗaki da rigar sanyi, kuma wannan labarin bai taɓa zuwa ƙofar masallaci ba. Fom ne a intanet mai shafuka da yawa, a farkonsa a tambaye ka ko kana da izinin aiki marar iyaka ko sai an ɗauki nauyinka. In ka tsallake nan, ga jarrabawar lissafi da agogo na gudu, ga intabiyu ta waya, ga yini guda da za a haɗa ku rukuni ana kallon yadda kuke magana. Sai kuma a nemi gogewar aiki a Ingila, a ajiye shekarun da ka yi a Najeriya gefe kamar ba a yi su ba. Suna ma na da nasa tasirin. Wani bincike da ma'aikatar ayyuka da fansho ta ƙasar ta sa aka yi a 2009 ya aika takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, suna kawai aka sauya: mai sunan Bature sai ya aika 9 yake samun amsa mai kyau ɗaya, mai sunan baƙo sai 16. Wasu Muhammadu suka koma Mo a kan takarda. Da wuya mutum ya yi musu faɗa in ya san abin da ke jiransu a ƙarshen wata.

Abin da ya fi ba ni tausayinmu shi ne zumuncin nan da ya ɗauke mu a shekarar farko, a nan ƙarfinsa ya ƙare. Dattijon Kumasi na iya buɗe maka ƙofar sito da kalma ɗaya, amma ofishin da ke hawa na sama ba mu da kowa a ciki. Waɗanda suka ratsa masu sana'ar da ƙasar ke ƙishirwa ne: likitocin da suka ci jarrabawar PLAB suka shiga asibitocin NHS, 'yan kwamfuta, da injiniyoyin da suka haura Aberdeen lokacin da gangar mai ke sama da dala 100. Ina kuma nan a kan ra'ayina cewa jami'ar da ke karɓar kuɗin baƙo ninkin na ɗan ƙasa, haƙƙi ne a kanta ta zaunar da shi tun makon farko ta gaya masa lokacin da ake buɗe fom, da kamfanonin da ke da lasisi, da waɗanda neman aiki a wurinsu ɓata dare ne.

Ni nawa aikin ofis ta siton nan ya ɓullo. Da na sami bizar shekara biyu na koma cika mako, kuma da yake na haddace layukan, na lura kayan da aka fi nema an jibge su a can ƙurya, kowa na cin tafiyar banza. Na faɗa wa dattijon, shi ya kai ni gaban manaja ya ce in maimaita. Aka gwada, aka ga bambanci a takardar bango. Bayan wani lokaci aka mayar da ni ofishin ƙididdigar kaya a kan kwantiragi, ina daidaita abin da kwamfuta ta ce da abin da ke kan kanta, ina tsara lokacin shigowar manyan motoci. A nan abin da na karanta a aji ya sami ƙafar tsayawa. Da bizar ta kusa ƙarewa manajan ya kira ni ya gaya mini gaskiya: ba su da lasisi, albashin kujerar kuma bai kai ƙa'ida ba. Ya rubuta mini takardar shaida mai kyau, muka yi musabaha.

Kowa ya kama gabansa. Wasu suka shiga digirin digirgir don su ƙara shekaru, wasu suka nufi Kanada, wasu ƙalilan suka bari bizarsu ta mutu, muka daina ganinsu a Juma'a. Komawa gida ba ƙaramar shawara ba ce a shekarun nan, domin tun harin 20 ga Janairun 2012 a Kano kowace wayar dare faɗuwar gaba ce. Amma Baba ya manyanta, ni kuma babba ne a ɗakinmu. Na dawo a farkon 2014, na tarar da abin da ya sa na ƙara gode wa Allah a kan abin da na samu: ranar 15 ga Maris aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa na ƙasar nan, turmutsitsi ya ci rayukan matasa masu digiri irina. Na yi watanni ina yawo da fayil kafin wani kamfanin rarraba kaya a Sharaɗa ya kira ni. Alhajin ya duba takardar digirin ya ajiye ta gefe, ya ce, "Malam, ta yaya za ka ƙirga mini kayan sito ba tare da ka rufe mini kasuwa ba?" Na yi masa bayanin yadda muke yi a Trafford Park, layi ɗaya kowace rana, kaya masu gudu a fi yawan duba su. Ya ce in zo ranar Litinin.

An sake buɗe bizar shekara biyu a watan Yulin 2021, yaranmu suka yi ta tafiya da iyalansu. Daga Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu irin na aji zuwa da iyali, a Afrilun shekarar albashin da ake buƙata kafin a ɗauki nauyin baƙo ya tashi zuwa fam 38,700, fam kuma a cikin shekarar ya haura naira 2,000. Awa 20 ɗin dai na nan yadda muka bar ta, kuma yaran da ke can suna gaya mini har yau bayan sallar Juma'a ba a watsewa da wuri.

Mu tsofaffin 'yan sito muna da zaure a WhatsApp, Dakta ne shugaba, yanzu farfesa ne a wata jami'a a gida. A nan wata safiya labari ya zo cewa dattijon Kumasi ya rasu a Manchester bayan gajeriyar jinya. Dakta ya sa lambar asusu. Kafin la'asar saƙonni sun cika wayar, daga Kano da Gombe da Abuja, daga Kanada, daga Riyad, daga Legas da Inugu, har da ɗan Poland ɗin da muke musayar layi da shi, wanda wani ya sanar da shi ta Facebook. Mutane da yawa ban san su ba, sun zo kafin ni ko bayana, kowa yana faɗin shekarar da dattijon ya kai shi wurin ejan. Kuɗin ya ishi jana'iza, 'yan'uwan da ke garin suka yi masa sutura, ragowar aka tura wa iyalinsa a Kumasi. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa.